Najilar istiraha tana ƙonewa duk da ban ruwa safe da yamma, ina mafita?

Ɗan Riyad:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema. Ina kula da wata istiraha, wato gidan shaƙatawa da ake bayarwa haya, a bayan garin Riyad, tana da filin najila, ciyawar ado, a tsakiya, tsawonsa mita 15, faɗinsa mita 10. A watan Maris lafiya lau take, kore shar. Tun da zafi ya kankama ta fara yin rawaya, yanzu wasu wuraren sun bushe ƙayau. Ba rowar ruwa nake yi mata ba, safe da la'asar nake kunna mata, in na ga ta yi yaushi har da azahar ina ƙarawa. Takin yuriya ma na watsa mata, sai abin ya ƙara lalacewa. Ruwan daga rijiyar wurin yake. Mai wurin ya fara magana, don masu haya ciyawar suke fara dubawa kafin su biya. Don Allah wanda ya san kan abin ya taimaka.

Baba Mai Lambu, Jidda:
Wa alaikumus salam ɗana. Kafin in ce komai, ɗebi ruwan rijiyar ka ɗanɗana. Sannan bayan ka gama ban ruwa ka kafa shebur a inda ta bushe, ka ɗago ƙasar ka ga iya inda laima ta kai. Kuma minti nawa kake barin rashshash, abin fesa ruwan, yana aiki?

Ɗan Riyad:
Baba na yi yadda ka ce. Ruwan yana da zartsi, ba ya shayuwa. Laimar ba ta wuce yatsa uku ba, ƙasan a bushe yake, saiwoyin kuma gajeru ne, duk a sama suke. Minti goma nake ba ta kowane lokaci. Akwai kuma wani farin gari-gari da nake gani a gefen fili inda ruwa ke kwanciya.

Baba Mai Lambu, Jidda:
To ka ga ciwon da idonka. Ba ƙishirwa kaɗai ke damun ciyawarka ba, gishiri ne ya taru mata. Duk ruwan da ka zuba yana tafe da gishirinsa. Rana ta shanye ruwan, shi kuwa gishiri ba ya tashi, nan yake zama. In kana ba ta kaɗan-kaɗan sau uku a yini, kullum ƙara shi kake a saman ƙasa inda saiwa take, ba ka taɓa zuba ruwan da zai wanke shi ya tura shi ƙasa ba. Farin nan da kake gani shi ne. Ita kuma saiwa inda laima ta tsaya nan take tsayawa. Tunda laimar yatsa uku ce, me zai kai ta ƙasa? Rana na buɗewa wannan ɗan saman ya ɗau zafi, shi ke nan ta dahu.

Ka bar na azahar, ka bar na la'asar. Sau ɗaya ya isa, kafin asuba ko da an sallame sallah, amma ka bar ta ta sha har laima ta kai taƙi guda ko fiye. Kada ka auna da agogo, auna da shebur. Sau ɗaya a mako kuma ka ninka ruwan, wannan na wankin gishiri ne. Ruwan zartsi a kan ganye da rana tsaka bushewa yake nan take ya bar gishiri a jikin ganyen, shi ya sa bakinsa ke ƙonewa. Kai ma kanka ba ka da abin yi a cikin rana a wannan lokaci, ai doka ta hana aiki a fili daga 12 zuwa 3 na rana tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Ka kula da lafiyarka ɗana.

Yuriya ka ɗaure bakin buhun ka ajiye sai zafi ya sauka. Takin zamani a kan ciyawar da take wahala ƙona ta yake. In za ka yi aski ka ɗaga injin sama, kada ka taɓa yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganye, kuma ka wasa wuƙar. Wuƙa mai dakushi yaga ganye take yi, washegari ka ga bakinsa ya yi fari.

Injiniyan Dammam:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, duk abin da ya faɗa haka yake. Ƙanena, ka nemi ɗan abin gwada gishirin ruwa, ana samunsa a shagunan masu sayar da matatar ruwa, ba shi da tsada. A ma'aunin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ruwan da gishirinsa bai kai miligiram 450 a kowace lita ba ba shi da matsala ga shuka, daga nan zuwa 2,000 ana lallaɓawa, abin da ya haura 2,000 kuwa matsala ce babba. Sannan ka jera gwangwanayen tuna da babu komai ciki a wurare daban-daban na filin, ka kunna rashshash, ka ga ko duk suna cika daidai. Sau da yawa wurin da ya bushe ruwa ne ba ya isa gare shi saboda kan rashshash ɗaya ya toshe.

Amma ni ina da maganar da ta fi wannan. Da tsakiyar zafi a Riyad, kowane murabba'in mita na ciyawa yana buƙatar kusan lita 10 a rana. Filinka murabba'in mita 150 ne, lita 1,500 ke nan kullum, a wata lita 45,000. Garin da ruwan saman da yake samu a shekara bai wuce milimita 100 da 'yan kai ba. Ruwan rijiyoyin nan mafi yawansa tsohon ruwa ne da ya daɗe kwance a ƙarƙashin ƙasa, in an zuƙe shi ba ya dawowa. Na famfo kuma daga teku ake tace shi a Jubail a turo shi ta bututu ɗaruruwan kilomita. Ni a ganina shimfiɗa najila mai faɗi a ƙasar nan ɓarna ce, kuma ya kamata mu da muke wannan aiki mu riƙa gaya wa masu gida gaskiya.

Abokin Kowa:
Ni dai ban ga abin wahala ba. A cire ta a shimfiɗa ta roba. Ba ruwa, ba aski, ba taki, kullum kore. Rabin istirahohin da nake kai kaya yanzu ita suka sa.

Hajiya Maman Yara, Makka:
A'a ƙanena, kada ka ba shi wannan shawara kai tsaye. Akwai ta a hoshin gidan yayata, wato tsakar gida. Daga hantsi har bayan la'asar ba mai iya taka ta ba takalmi, jikarta ƙarama sai da tafin ƙafarta ya tashi. Ko bayan magariba zafi take hurowa. Sannan ƙura tana shigewa cikinta, kyanwa ta yi fitsari wari ya zauna, dole dai sai an wanke ta da ruwa. In a ƙarƙashin rumfa ce, to da sauƙi.

Abokin Kowa:
Hajiya ai istiraha da dare ake zamanta. Wa zai zauna a fili da azahar a Riyad?

Baba Mai Lambu, Jidda:
Da dare ake zama, gaskiyarka. Amma je ka zauna a kan ɗanyar najila bayan isha'i, sannan ka zauna a kan ta roba, jikinka zai gaya maka bambancin. Ɗanyar ciyawa tana fitar da laima, ita ke sanyaya wuri. Abin da masu haya ke biya ke nan.

Injiniya, lissafinka daidai ne, ban musa ba. Sai dai yaron nan ba shi ne mai wurin ba. In ya je ya ce wa kafilinsa, wato ubangidansa, ciyawa ɓarna ce, gobe wani za a kawo ya ci gaba da zuba ruwan. Abin da za a iya shi ne a rage. Na yi wa masu gida da yawa haka: a bar najila daidai inda ake shimfiɗa darduma a zauna da inda yara ke wasa, sauran a zuba tsakuwa, a dasa abin da ke jure ƙishi, a ja musu siririn tiyo mai ɗiga. In ka nuna wa mai gida kuɗin wayit, wato tankar ruwa, ko na wutar famfon rijiya da zai ragu, ya fi saurin ji a kan wa'azi.

Injiniyan Dammam:
Na yarda da ragewar Baba. Amma ko hukuma ai ta nuna hanya. Shirin mayar da Riyad kore da Sarki Salman ya ƙaddamar a 2019, bishiya miliyan 7.5 aka sa a gaba, kuma da ruwan da aka yi amfani da shi aka sake tacewa ake shayar da su. Inuwa aka nema. Ni abin da ke damuna shi ne mutum ya haƙa rijiya yana zuba wa ciyawar da ba mai ci, shekara biyar ruwan ya ƙara zartsi, maƙwabcinsa mai dabino shi ma abin ya shafe shi.

Ɗan Mai Wurno, Madina:
Salamu alaikum jama'a. Ni a Mai Wurno na tashi, bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, ruwa na gudu a gabanmu, amma ban taɓa ganin gidan da aka shimfiɗa ciyawa a tsakar gida ba. Darbejiya ce a ƙofa, lalle a jikin danga, a share ƙasa a yayyafa ruwa da la'asar a fito da gadaje. Sanyin da ake samu a nan ba ƙarami ba ne. Duk wanda ya yi aikin Hajji ya ga dubban darbejiyar da aka dasa a Arfa, su ne suke ba alhazai inuwa a wurin da da can fili ne fetal. Itacen da ya rayu a Arfa ai zai rayu a ko'ina cikin ƙasar nan. Ga kurna, ga zogale, ga bagaruwa, duk namu ne kuma duk suna yi a nan.

Abu ɗaya zan ja kunne a kai. Kada gaggawar inuwa ta sa a dasa bishiyar bazromiya, wadda mu a Sudan muke kira damas. Tana girma da sauri, ba ta damu da gishiri ba, shi ya sa aka cika tituna da ita. Amma saiwarta ruwa take bi duk inda yake. Na ga gidan da ta shiga bututun bayan gida ta toshe shi, na ga inda ta fasa tankin ƙasa, ta ɗaga tayil. Yanzu baladiyya, wato hukumar gari, a wasu garuruwa ta daina dasa ta kusa da gidaje. Mu mun riga mun ga irin wannan da itacen miskit mai ƙaya. An shigo da shi Sudan a 1917, daga baya aka yi ta yaɗa shi don tare hamada, sai ya cinye gonaki a Kasala da Tokar, har a 1995 gwamnati ta ba da umarnin a kawar da shi. Har yau ba a gama da shi ba.

Baba Mai Lambu, Jidda:
Madalla da wannan jan kunne. Sai dai a lura, darbejiya da najila ba sa zama wuri ɗaya. Najilar da ake sawa a nan ita ce kiri-kirin da muka sani a gida, rana take so tun safe har yamma. In inuwa ta rufe ta sai ta yi ta sirancewa har ƙasa ta bayyana. Don haka bishiya ta tsaya a gefen yamma, nesa da katanga da tanki, ta tare ranar la'asar, ciyawa kuma a tsakiya inda sama take a buɗe. A Riyad kuma ƙaramar darbejiya tana jin sanyin Janairu, a shekarar farko sai an lulluɓe ta da buhu in dare ya yi tsanani. Kurna ta fi ta haƙuri a can.

Hajiya Maman Yara, Makka:
Baba tunda ana maganar, ni ma ga tawa. Ba ni da fili, a saman bene nake da tukwane. Jahannamiyyata, wannan mai ƙaya da ke hawa katanga, ganye kawai take yi, ta yi duhu sosai, amma fure ko ɗaya. Ful ɗina kuma, mai farin fure mai ƙamshi, sabon ganyensa rawaya yake fitowa, jijiyoyin ne kawai kore.

Baba Mai Lambu, Jidda:
Hajiya jahannamiyya gata ne ya yi mata yawa. In tana samun ruwa kullum da taki mai sa ganye, ba za ta yi fure ba. Ki kai ta inda rana ta fi bugawa, ki bar ƙasar ta bushe har ganyen ya fara sunkuyawa kaɗan sannan ki ba ta, ki daina takin. Za ki gani.

Shi kuwa ful ƙarancin sinadarin ƙarfe ne. Ƙasarmu da ruwanmu suna da kanwa-kanwa, ko akwai ƙarfen a ƙasa saiwa ba ta iya ɗauka. Ki je mashtal, wurin sayar da dashe, ki ce a ba ki hadid, wato takin ƙarfe, jan garin nan mai rina ruwa, shi ne ke aiki a irin ƙasarmu. Ɗan kaɗan a ruwa, a zuba a gindi. Sabon ganyen da zai fito shi za ki duba.

Kuma duk mai tukwane kada ya bar ruwan mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana zuba a banza. Ruwa ne da babu gishiri a cikinsa. Mu nan Jidda da iska ke da laima, mukayyif ɗaya yana cika bokiti a yini. Da shi nake shayar da duk abin da ke tsoron gishiri. Ki kuma ɗora tukwanen a kan katako, don simintin saman bene yana dafa saiwa, baƙar tukunyar roba kuwa ta fi kowacce ɗaukar zafi.

'Yar Ɗa'ifa:
Ina gaida iyaye. Ni roƙona ga masu zuwa mana yawon shan iska: ku daina sayen dashen wardin Ɗa'ifa kuna kai shi Jidda da Makka, tausayinsa nake ji. Garinmu yana sama da mita 1,800 a kan dutse, gonakin wardin kuma suna Hada da Shafa inda sanyi ya fi. Sai ya sha sanyin hunturu an yi masa aski sannan yake fure, sau ɗaya a shekara, wajen Maris da Afrilu. Da sassafe ake tsinkarsa kafin rana ta kwashe ƙamshin, a kai shi tukwanen tagulla a dafa a fitar da mai da ruwan wardi, irin wanda ake haɗawa da zamzam wajen wankin Ka'aba. A zafin bakin teku ba zai yi wannan ba. Mai son ƙamshi a Jidda ya dasa ful, ai Jazan da ta fi ko'ina zafi da laima ita ce gidansa, ko raihan, ko lalle, furen lalle ma ƙamshinsa da dare ba dama.

Hajiya Maman Yara, Makka:
Gaskiya ne 'yata. Ni wadda ba ta taɓa ba ni wahala ba ita ce ƙariya, a mashtal adana suke ce mata. Sai in yi kwanaki ban ba ta ruwa ba, tana nan da jan furenta. Amma masu ƙananan yara su sani ruwan jikinta dafi ne. Haka difla, wannan mai dogon ganye da furanni ruwan hoda da ake dasawa a bakin titi, ganye da fure da itacen duk dafi ne, ko hayaƙinta ba a so. Na ga ana dasa ta a istiraha dab da wurin wasan yara, hankalina ya tashi.

Malam in yana kusa ina da tambaya. Mu da muke cikin Harami, ya hukuncin aske shuka da cire ciyawar da ta fito a tukunya?

Malam na Makka:
Ina nan Hajiya, ina ta karantawa ina ƙaruwa. Asalin maganar hadisin ranar buɗe Makka ne, inda Manzon Allah (SAW) ya hana a sare itacen Harami ko a cire ɗanyar ciyawarsa, sai Abbas (RA) ya roƙa a keɓe ciyawar izhir saboda bukatar mutane gare shi, aka keɓe. Mafi yawan malamai sun fahimci hanin a kan abin da ya tsiro da kansa ne. Abin da mutum ya shuka da hannunsa, furanni ne ko kayan miya ko najila, yana iya askewa ya cire. Busasshe ma babu laifi. Wanda ya fito da kansa yana cutar da shuka, a nan malamai sun yi saɓani, wasu sun yi rangwame saboda cutarwar. Ki kwantar da hankalinki a kan abin da kika dasa.

Ga Injiniya da Baba kuma, maganganunku ba sa karo. Dasa itacen da mutum ko tsuntsu ko dabba za su amfana da shi sadaka ne, ya tabbata a Bukhari da Muslim. Almubazzaranci da ruwa kuma an hana shi ko a alwala.

Ɗan Riyad:
Iyayena na dawo da bayani, Allah ya saka da alheri. Na gwada ruwan, ya haura 2,000. Gwangwanayen Injiniya sun nuna kawunan rashshash biyu a toshe suke da farin dutse, na jiƙa su a khal, wato binega, sun buɗe. Na koma ban ruwan asuba, gefen gabas ya fara fitar da sabon tsiro. Amma akwai wani wuri kusa da katanga da na ja ciyawar sai ta taso gaba ɗaya kamar tabarma, ba saiwa ko kaɗan, a ƙarƙashi kuma ga gwazarma farare sun nannaɗe. Na nuna wa mai wurin lissafin ruwan, ya yarda a rage filin zuwa rabi, a sa tsakuwa da jahannamiyya a gefe. Bazromiya yake so a jikin katanga, na karanta masa abin da Yaya na Madina ya rubuta, ya ce zai yi tunani.

Baba Mai Lambu, Jidda:
Alhamdu lillahi. Gwazarmar nan ɗanyen taki ne ke kawo ta, su ne suka cinye saiwar. Tone wurin duka, ka tsince su, ka bar ƙasar a buɗe rana ta gasa ta. In sun yi yawa ka karɓo magani a shagon kayan noma, ka bi abin da aka rubuta a jiki, ka sa safar hannu, kuma kada a bar yara su hau sai an shayar da wurin ya bushe. Daga yau kada ka karɓi takin tumaki sai wanda ya ruɓe ya yi baƙi ba ya wari. Ɗanye shi ke zuwa da aya-aya ma, ita kuwa in ta shiga najila fitar da ita aiki ne, sai an bi 'ya'yanta na ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

Kada ka yi sabon dashe yanzu. Ka jira ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Tunda ruwanka haka yake, ka ce wa mai wurin a sayo ciyawar basbalam maimakon wadda ke nan, ta fi jure gishiri nesa ba kusa ba, a naɗe ake sayar da ita. Makonnin farko tana son ruwa mai daɗi kafin ta kama, don haka a tanadi wayit ɗaya ko biyu. Bituniya da sauran furannin sanyi sai Nuwamba.

Ɗan Mai Wurno, Madina:
In ya nace sai ya rufe katangar, ka ce masa lalle. Yana yin shinge mai duhu, yana karɓar almakashi, saiwarsa ba ta ɓarna. A sa tazarar kamu biyu tsakanin kowane dashe, kuma a ja shi baya kaɗan daga jikin ginin.